Yadda Ake Gano Matsalar Sauti a Kwamfutar Tebur a Gyara Ta

Da zarar kwamfutar tebur ta yi shiru, shawarar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce a yi mata fomatin. Wannan shawara tana damuna, domin mutum yakan rasa takardunsa da hotunansa da manhajojin da ya sha wahala kafin ya saka, kuma sau da yawa bayan an gama sautin bai dawo ba, tun da ciwon ba a can yake ba. A yawancin kwamfutocin da suka biyo ta hannuna, ko dai kebul ne a ramin da ba nasa ba, ko kuma Windows ce take tura sautin inda babu lasifika.

Abin da za ka riƙe kawai shi ne hanyar da sauti ke bi. Yana tashi daga manhajar da ka kunna, ya shiga Windows, ya bi ta direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da kayan sauti, ya isa ɗan guntun sauti da ke kan madabod, wato babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta, ya fito ta rami, ya bi kebul, ya ƙare a lasifika. A wuri ɗaya ya yanke. Mai gyaran famfo idan ruwa bai zo ba, kan famfon yake fara dubawa kafin ya hau tanki. Mu ma daga lasifika za mu faro mu yi ciki, daga abin da ba ya cin ko kwabo zuwa abin da sai an kwance akwati.

Kayan da za ka tanada

- Iyafis ko hedifon mai kebul wanda ka tabbatar yana aiki. Wannan shi ne babban kayan aikinka.
- Wayar salula mai ramin iyafis, ko rediyo, ko laftof, don gwada lasifika.
- Waƙa ko karatu ko bidiyo da ke ajiye a cikin kwamfutar, wanda ba ya bukatar intanet.
- Tocila, domin bayan sifiyu, wato akwatin kwamfutar, akwai duhu, kuma launukan ramuka ba sa fitowa sosai.
- Filas da ɗan data, saboda sauke direba.
- Sukudireba mai kan tauraro da buroshi mai laushi, idan ta kai ga buɗe akwati.

Ka kunna waƙar ka bar ta tana maimaita kanta tun daga farko har ƙarshe, da ƙara matsakaiciya. Da haka, duk abin da ka taɓa sautin ya dawo, nan take za ka san shi ne. Kuma abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Wanda ya canja abu biyar tare, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, gobe idan ta sake sai ya koma farko.

1. Fara sanin irin shirun

Tambayi kanka, ko mai kwamfutar, yaushe sautin ya ɗauke. Bayan an matsar da tebur ne? Bayan an sa sabon monita? Bayan an sake saka Windows, ko bayan ta sabunta kanta cikin dare? Amsar takan nuna maka matakin da za ka fi dagewa a kai. Sannan ka lura: shiru ne gaba ɗaya, ko manhaja ɗaya ce ba ta magana, ko gefe ɗaya ne ke fita, ko sautin yana nan amma da gurnani?

Dubi alamar lasifika a kusurwar ƙasa ta dama, kusa da agogo. Idan akwai jan giciye a jikinta, ɗora linzami a kai ka karanta abin da ta rubuta. Idan ta ce "No speakers or headphones are plugged in", kwamfutar ta san tana da kayan sauti, ba ta dai ga an jona komai ba, wato maganar rami ce da kebul. Idan kuwa ta ce "No audio output device is installed", ba ta ma ganin kayan sautin kansa, don haka hankalinka ya tafi mataki na 7 da na 8.

Kafin komai, danna Restart. Ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 aka shigo da tsarin saurin tashi, wanda idan ka kashe kwamfuta yake ajiye direbobi yadda suke, ya dawo da su haka idan ka kunna. Restart ne yake tashin su daga tushe. Mutane da yawa suna cewa sun kashe sun kunna bai yi ba, alhali wannan ne ba su yi ba.

2. Gwada lasifikar ita kaɗai

Zare kebul ɗin lasifikar daga sifiyu ka soka a waya, ka kunna wani abu. Idan ta yi magana, lafiyarta ƙalau. Idan ba ta yi ba, duba wutarta: ɗan fitilarta yana ci? Adaftarta tana cikin soket, kuma soket ɗin a kunne yake? An murɗa makunnin ƙara? Ƙananan lasifikan da suka cika kasuwa suna da kebul biyu, na USB don wuta da mai ɗan siririn baki don sauti. Masu koyo sukan soka na USB kaɗai su ga fitila ta kama su zaci an gama. Dole a jona duka biyun.

Sai ka juya gwajin: soka iyafis ɗinka mai kyau a kwamfutar. Idan ka ji sauti a kunne, kwamfutar ba ta da laifi, sai ka nemi wata lasifika ko ka kai wannan a duba kebul ɗinta. Yawanci a gindin bakin kebul yake karyewa. Idan kana lanƙwasa wurin sautin na zuwa yana ɗaukewa, ka kama ɓarawon.

3. Ramuka da launukansu

Haska bayan sifiyu. Ramukan sauti masu faɗin milimita 3.5 suna da launi, kuma tsarin launin ɗaya ne a kusan kowace kwamfuta tun ƙarshen shekarun 1990. Kore na lasifika ne ko hedifon. Ruwan hoda na makirufo ne. Shuɗi na shigo da sauti ne daga wata na'ura, misali daga miksa. Idan ramukan sun kai biyar ko shida, baƙi da ruwan lemo da ruwan toka na manyan lasifikan kewaye ɗaki ne, ba ruwanka da su. Koren kake nema. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne soka lasifika a shuɗi, domin mutum yana lalube da hannu bai leƙa ba.

Wasu kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo ramukansu duka baƙaƙe ne, sai ka bi zanen da ke gefe: hoton hedifon, ko kibiya mai fitowa daga cikin da'ira.

Tura kan kebul ɗin har ka ji ya zauna ɗaram. Idan ya shiga rabi, sai ka ji gefe ɗaya kawai, ko kiɗa na tashi muryar mai waƙa ta dusashe. Irin wannan dusashewar tana faruwa kuma idan ka sa iyafis ɗin waya a tsohon rami. Ƙirga zoben da ke jikin bakin: zobe biyu na sauti ne zalla, zobe uku akwai makirufo a haɗe, kuma wasu tsofaffin ramuka ba sa jituwa da mai uku. Maganinsa ɗan kebul mai raba hanya biyu, kai ɗaya kore ɗaya ruwan hoda.

Gwada ramin gaba, sannan na baya. Na baya yana manne da madabod kai tsaye, na gaba kuwa da waya aka ja shi, don haka ya fi saurin lalacewa. Ka kuma sani cewa idan akwai abu a ramin gaba, kwamfutoci da yawa suna kashe na baya. Ƙurar hunturu ko guntun bakin iyafis da ya karye a ciki na iya sa kwamfutar ta zaci har yanzu akwai hedifon a jone. Kashe ta, ka hura ramin, ka share da tsinken sakace a hankali. Kada ka sa allura ko wani ƙarfe.

4. Ƙara da makunnan shiru

Danna alamar lasifika ka ɗaga ƙarar. Sannan danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sndvol, danna Enter. Za ka ga kowace manhaja da nata ma'aunin. Mai yiwuwa babbar ƙarar tana sama amma an kashe ta Chrome ko ta VLC ita kaɗai. A cikin burauza ma ana iya rufe bakin shafi ɗaya. Danna kan shafin da maɓallin dama na linzami ka ga ko akwai Unmute site. Idan kibod ɗin yana da maɓallin shiru, taɓa shi sau ɗaya ka ji.

5. Ina Windows take tura sautin?

Nan ne nake so ka nutsu, domin nan ne matsalar ta fi ɓuya, kuma gyaranta bai fi minti biyu ba.

Kwamfuta na iya samun mafitar sauti fiye da ɗaya, amma ɗaya take zaɓa a lokaci guda. Kebul ɗin HDMI da na DisplayPort suna ɗaukar hoto da sauti tare. VGA, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, hoto kawai yake ɗauka. To idan ka jona monita da HDMI, Windows takan mayar da sauti can da kanta, ko da monitan ba shi da lasifika. Haka ma idan ka yi amfani da 'yar na'urar nan mai juya HDMI zuwa VGA, wadda ta yawaita a shagunan buga takardu saboda tsofaffin monitoci: kwamfutar tana ganin ta a matsayin talabijin, ta tura mata sauti, shi ke nan ya ɓace a hanya. Na sha ganin an sayi sabuwar lasifika a kan wannan.

Danna Windows da R, rubuta mmsys.cpl, danna Enter. Ina son wannan hanya domin tana aiki a Windows 7 da 10 da 11, kuma ko kwamfutarka da Faransanci take, kamar yadda ake samu a Maraɗi da Damagaram, rubutun umarnin bai canja ba. Taga za ta buɗe a shafin farko, Playback. Yi haka:

Danna fili a cikin tagar da maɓallin dama, ka sa alama a Show Disabled Devices da Show Disconnected Devices, don waɗanda aka ɓoye su fito. Nemi wanda aka rubuta Speakers ko Headphones, galibi da sunan Realtek ko High Definition Audio Device a ƙasansa. Idan a dusashe yake, danna shi da dama ka zaɓi Enable. Sannan ka danna Set Default har koren maki ya hau kansa. Sake danna shi da dama ka zaɓi Test. Ya kamata ka ji ƙararrawa a hagu sannan a dama.

Yanzu kalli 'yan sandunan da ke gefen kowace na'ura yayin da waƙarka ke tafiya. Wannan alama ce mai daraja. Idan korayen sanduna na tsalle a gefen sunan monita, ka ga inda sautinka yake zuwa. Idan suna tsalle a gefen Speakers amma ba ka jin komai, Windows da direba sun yi aikinsu, laifin yana daga rami zuwa waje, koma mataki na 2 da na 3. Idan babu inda suke motsi, ci gaba.

Idan kuma so kake sautin ya fita ta talabijin ɗin da ka jona da HDMI, sunansa za ka mayar zaɓaɓɓe, kuma ka kunna talabijin ɗin kafin ka buɗe tagar.

6. Tada ma'aikatan sauti na Windows

Danna alamar lasifika da dama ka zaɓi Troubleshoot sound problems, ka bar ta ta yi bincikenta. Wani lokaci tana dacewa. Idan ba ta yi ba, Windows da R, rubuta services.msc. Gangara ƙasa ka nemo Windows Audio da Windows Audio Endpoint Builder. Su biyun dole su nuna Running, kuma tashinsu ya zama Automatic. Danna kowanne da dama ka yi masa Restart. Kada ka taɓa sauran abubuwan da ke jerin.

7. Direba

Direba ita ce 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya magana da guntun sauti. Idan an sake saka Windows a shago aka miƙo maka ba a ƙarasa ba, ko kwamfutar da wani ya riga ya yi amfani da ita ce ka sayo, nan za ka fi zargi.

Windows da R, rubuta devmgmt.msc. Buɗe reshen Sound, video and game controllers. Abu uku za ka iya tararwa. Ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa a jikin sunan tana nufin an kashe shi, sai ka danna dama ka yi Enable device. Alamar motsin rai cikin rawaya tana nufin direbar ta lalace ko ba tata ba ce. Idan kuwa babu sunan sam, duba reshen Other devices ko akwai wata na'ura da ba a gane ba, ka kuma leƙa System devices ka ga ko High Definition Audio Controller ko Intel Smart Sound Technology na ɗauke da rawayar alama.

Idan sautin ya ɗauke ne bayan sabuntawa, danna sunan sau biyu, shiga shafin Driver, danna Roll Back Driver don a koma tsohuwar. Idan maɓallin a dusashe yake, zaɓi Uninstall device, sannan ka yi Restart. Windows za ta sake saka direba da kanta yayin tashi.

Bai yi ba? Akwai direbar gama-gari da ke cikin Windows, wadda ba ta bukatar intanet. Danna Update driver, sai Browse my computer for drivers, sai Let me pick from a list, ka zaɓi High Definition Audio Device, ka amince da gargaɗin. Tana tada sauti a tsofaffin kwamfutoci da yawa, musamman waɗanda kamfaninsu bai fitar musu da direbar Windows 10 ba.

Don samun ta asali, je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Dell tana da lamba mai suna Service Tag a manne a jikin akwati, HP da Lenovo suna da lambar siriyal; rubuta ta a shafin tallafinsu, ka shiga sashen Audio. Idan kwamfutar haɗi ce, sunan madabod za ka nema, yana rubuce a jikinsa da manyan baƙaƙe. Idan ba ka san wane guntun sauti ke ciki ba, danna na'urar sau biyu, shiga Details, zaɓi Hardware Ids, ka karanta abin da ya biyo bayan VEN. 10EC na Realtek ne, 14F1 na Conexant, 111D na IDT, 11D4 na Analog Devices wanda ake gani da sunan SoundMAX a tsofaffin injuna. Idan ka ga 10DE ko 1002, wannan sautin HDMI ne na katin hoto na NVIDIA ko AMD, ba shi ne na koren rami ba.

Ina roƙonka ka guji shafukan da ke cewa ka sauke manhajarsu ta gyara maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya. Da yawansu talla da ƙwayar cuta suke cusawa, wasu kuma su saka direbar da ba ta dace ba su ƙara maka aiki. Idan kwamfutar ba ta da intanet, sauke a waya ko wata kwamfutar ka kawo da filas. Idan kuma tana da intanet amma kowane shafi yana ƙin buɗewa da gargaɗin tsaro, dubi kwanan wata. Idan ya koma shekarun baya, ɗan batirin madabod mai lamba CR2032 ne ya mutu, gyara kwanan watan tukuna.

Bayan ka saka direbar Realtek, wata 'yar taga takan fito ta tambaye ka me ka jona. Kada ka rufe ta da gaggawa. Zaɓi hedifon ko lasifika yadda ya dace, domin idan ka ce makirufo ne, ramin zai zama na shiga.

8. Leƙa BIOS

Idan Windows ba ta ganin kayan sauti ko kaɗan, mai yiwuwa an kashe shi daga tushe, a cikin BIOS, wato saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi. Kwamfutocin da aka riga aka yi amfani da su, waɗanda suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje wani lokaci haka suke zuwa. Kunna kwamfutar kana danna maɓallin shiga: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a Lenovo, Delete a yawancin madabod na haɗi. Nemi inda aka rubuta Audio, ko Onboard Audio, ko HD Audio Controller, ka tabbatar yana Enabled, ka ajiye ka fita. Wannan kaɗai za ka taɓa. Canja wani saiti da ba ka sani ba, musamman na faifan ajiya, yana iya hana Windows tashi.

9. Idan ramin gaba ne kaɗai ya mutu

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi kebul na ƙari ka jawo daga koren ramin baya zuwa kan tebur. Idan kana son gyarawa, kashe kwamfutar, zare kebul ɗin wuta daga bango, danna makunni na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki. Bi wayar da ta taso daga ramukan gaba. A madabod na haɗi tana ƙarewa da ɗan fulogi mai rubutun HD AUDIO, wanda ke zama a kan fil tara, galibi a kusurwar ƙasa ta hagu, inda aka rubuta AAFP ko F_AUDIO ko JAUD1. Ya yi kama da fulogin USB na ciki, amma gurbin da aka toshe ba wuri ɗaya yake ba, don haka idan ya ƙi shiga kada ka tilasta. Zare ka mayar da kyau, ka share ƙura da buroshi tun da ka riga ka buɗe. Akwatin wutar kwamfuta kuwa, wanda fanka ke ciki a baya, ba a buɗe shi.

10. Sauti na fita amma ba daɗi

Gurnani mai kauri wanda ba ya tsayawa ko an kashe waƙa yawanci daga wuta yake, musamman a ginin da ba a ja masa wayar ƙasa ba, ko idan ana kan janareta ko inbata. Jona sifiyu da lasifika a soket ɗaya, ka raba kebul ɗin sauti da na wuta kada su nannaɗe juna. Ƙarar "tit-tit-tit" kafin kira ya shigo daga wayar salula ce, matsar da ita nesa da lasifika. Ƙarar "kar-kar" da ke tashi idan ka murɗa makunnin ƙara datti ne a cikinsa. Kashe lasifikar ka murɗa shi gaba da baya da yawa.

Idan sautin yana sarƙewa ko yana yankewa, koma mmsys.cpl, danna Speakers sau biyu. A shafin Enhancements ko Advanced kashe duk ƙarin gyaran sauti. A Advanced kuma mayar da tsarin zuwa 16 bit, 44100 Hz, ko 24 bit, 48000 Hz, ka gwada. Idan gefe ɗaya ya fi ƙarfi, shiga Levels, danna Balance, ka daidaita hagu da dama.

11. Idan duk wannan bai yi ba

Kafin ka yanke cewa guntun sautin ya ƙone, akwai gwaji ɗaya mai raba gardama. Ɗora Ubuntu, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a filas, ka tada kwamfutar daga shi, ka zaɓi Try Ubuntu, ba Install ba, don kada ya taɓa kayanka. Kunna waƙa da iyafis a koren rami. Idan ta yi magana, kayan ciki lafiya suke, Windows ce ta rikice, kuma sai a nan ne maganar sake saka ta take da hujja, bayan ka kwashe takardunka. Idan nan ma shiru, kuma BIOS ta nuna a kunne yake, guntun ya tafi. Hakan yakan biyo bayan wuta mai ƙarfi, ko jona amfilifaya yana kunne.

Ba sai ka canja madabod ba. Sayi ɗan katin sauti na USB, wanda girmansa bai fi filas ba, mai rami kore da ruwan hoda. Ana samunsa a shagunan kayan kwamfuta, irin na titin Beirut a Kano, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na madabod ba. Ka tafi da iyafis ɗinka ka sa a gwada maka a shagon, domin masu arha wasu suna da tsuwwa a cikin sauti. Soka shi a ramin USB na baya, jira Windows ta gane shi da kanta, sannan ka koma mmsys.cpl ka danna Set Default a kan wanda aka rubuta USB Audio Device. Idan monitanka na HDMI yana da ramin hedifon a ƙasansa ko a bayansa, ba ka ma bukatar sayen komai: mayar da monitan zaɓaɓɓe a wannan tagar, ka jona lasifikarka a jikinsa.